Ajiye maganin ƙanjamau da gangan don bincike: da za a kawo shi Katsina, mutanenmu za su yarda?

Dan_Kofar_Soro
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da masu wayar da kai da ke cikinmu. Shekara da shekaru magana ɗaya ake maimaita wa mai ɗauke da HIV a asibiti: kada ka tsallake ko kwana ɗaya. To ga shi masu neman maganin warkewa suna da wani mataki da suke kira ATI, inda ake ce wa mutum ya ajiye maganinsa da gangan, likitoci na bibiyar jininsa, don a ga ko abin da aka gwada a kansa ya yi aiki. An yi irinsa a Durban ta Afirka ta Kudu da mata 20, aka bayyana sakamakon a 2025: huɗu daga cikinsu sun kai shekara ɗaya da rabi ba su koma kan magani ba. Da za a kawo wannan Katsina ko Daura, mutanenmu za su karɓa? Ya ma dace su karɓa?

Likitan_Gobarau
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga yarda ko ƙi, a fara sanin abin da ya tilasta yin haka, don ba ganganci ba ne. Maganin ARV, wato maganin ƙanjamau da ake sha kullum, yana hana ƙwayar cutar hayayyafa, amma ba ya taɓa wadda ta riga ta shige cikin ƙwayoyin CD4, sojojin jiki ke nan, ta saƙa kanta a cikinsu ta kwanta barci. Tun 1997 aka tabbatar da wannan maɓoya. Lissafi ya nuna sai an yi kusan wata 44 kafin rabinta ya ƙare, wato sai mutum ya haura shekara 70 yana shan magani kafin ta ƙare don kanta. Shi ya sa da an ajiye magani, yawancin mutane cikin sati biyu zuwa huɗu ƙwayar ta sake bayyana a jini.

Ga inda mai bincike ke maƙalewa. Ya ba mutum sabon abu, yana son ya san ko ya rage maɓoyar ko ya koya wa jiki danne ta. Muddin mutumin na kan ARV, jininsa fes zai fito, sabon abin ya yi aiki ko bai yi ba. Gwaje-gwajen auna maɓoyar kuma babu wanda ke iya ba da tabbacin ba za ta farka ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke kwance a cikinta ma nakasassun kwafi ne da ba sa haihuwa, sai su rikita ƙirga. An gani a Boston a 2013: mutum biyu da aka yi wa dashen ɓargo, duk gwaji ya ce babu komai, aka ajiye magani, ɗaya ta dawo masa bayan sati 12, ɗayan bayan sati 32. Ba a gane ɗaki na yoyo sai damina ta sauka.

Hajiya_Ungozoma
Likita, bayaninka ya fita, amma ka tsallake binciken SMART, wanda ya gwada ajiye magani lokaci-lokaci. Mutum 5,472 a ƙasashe 33. Aka raba su biyu: wasu su ci gaba da shan magani ba yankewa, wasu su ajiye in CD4 ɗinsu ya haura 350, su koma in ya sauka ƙasa da 250. A Janairun 2006 aka tsayar da binciken tun bai kai ƙarshe ba, saboda masu ajiyewar sun ninka ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu wajen mutuwa ko kamuwa da cututtukan da ke shiga in garkuwa ta faɗi. Har ciwon zuciya da hanta da ƙoda sun fi yawa a cikinsu. Daga nan maganar "hutun magani" ta mutu. Yanzu kuma a sauya mata riga a dawo mana da ita?

Likitan_Gobarau
Hajiya, gaskiyarki kan SMART, kuma saboda shi ne aka tsaurara. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce. A can ana barin mutum watanni ba magani, ana jiran CD4 ya faɗi. A ATI adadin ƙwayar cutar a jini ake bi, ba a jiran garkuwa ta rushe. Masana sun zauna a Cambridge, kusa da Boston, a 2018, aka wallafa shawarwarinsu a 2019. Wanda za a ɗauka, CD4 ɗinsa ya kai 500 ko fiye, ƙwayar ta daɗe a danne, ba shi da tarin fuka ko ciwon hanta mai aiki, bai taɓa kwanciya da cutar da ke nuna ƙanjamau ya kama jiki ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta shiga. Gwajin adadin ƙwaya duk sati har sati 12, daga nan duk sati biyu. Ana komawa kan magani in adadin ya tsaya a kwafi 1,000 ko fiye a kowace mililita har sati huɗu, ko CD4 ya sauka ƙasa da 350 aka maimaita aka tabbatar, ko alamun cuta suka fito, ko ciki ya shiga, ko mutumin da kansa ya ce ya gaji. Wannan na ƙarshen ba sai ya ba da dalili ba.

Akwai salo biyu kuma. Na farko kwana kawai ake ƙirgawa: da ƙwayar ta leƙo a koma magani. Na biyu ana barin ta ta hau na ɗan lokaci a ga ko jiki zai sauko da ita da kansa. Na biyun ya fi ba da ilimi, ya kuma fi haɗari.

Hajiya_Ungozoma
"Duk sati" ɗin nan shi ne maganar. A takarda da sauƙi.

Mai_Lab_Marusa
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. A tsarin yau da kullum ana yi wa mutum gwajin adadin ƙwaya a wata na shida da fara magani, sai a wata na 12, daga nan sau ɗaya a shekara. ATI na son sau 12 cikin wata uku. In mutum 20 ne, gwaji 240 ke nan a zangon farko kawai, ban da na CD4 da na hanta da na ƙoda.

Kuma ba yawan ne kaɗai ba, saurin fitar sakamako ne. Idan ƙwayar ta farka tana iya ninka kanta cikin kamar kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda aka ɗebi jininsa ranar Litinin ba a ga komai ba, Litinin ta gaba yana iya kai dubbai. To in sai an tara jini, an sa a akwatin sanyi, an kai babban ɗakin gwaji, an jira layi, sakamako ya dawo bayan sati biyu, me aka sa wa ido? Tarihi ake karantawa.

Ga abin da ake buƙata a aikace. A ɗebi jini a kwalbar EDTA mai murfi ruwan hoda-shuɗi, a juya shi a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin 'yan awanni, don in ya daɗe a zafi sakamakon na karkacewa, kun kuwa san Katsina a watan Afrilu. Na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar minti 90 da mililita ɗaya ta ruwan jini, tana ƙirgawa tun daga kwafi 40. Amma tana son wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 30 ba, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki kwanson gwajin ya tafi a banza. Yawancin waɗanda ke asibitocinmu kuma aikin tarin fuka ya riga ya cika su. Busasshen ɗigon jini a kan kati, wanda ake amfani da shi a wurare masu nisa, bai dace da wannan ba sam, don ba shi da kaifi a ƙasa da kwafi 1,000. Bincike irin wannan sai ya zo da na'urarsa, da solarsa, da ma'aikacinsa.

Famasis_Kusugu
Bari in ƙara ta ɓangaren magani, don ajiyewar ma tana da ƙa'ida. Ƙwayar da ake haɗa magani uku a cikinta ba tare ukun suke barin jiki ba. Tsohon haɗin da ke da efavirenz shi ne mafi hatsari: sauran biyun su fita da wuri, shi ya saura a jini sati biyu ko uku, musamman a jikin 'yan Afirka da yawa da hantarsu ke sarrafa shi a hankali. Ƙwayar cutar ta farka ta tarar da magani ɗaya tilo mai rauni, sauyi guda ya ishe ta ta kangare masa. Saboda haka duk mai irin wannan haɗin sai an mayar da shi kan wani tun makonni kafin ajiyewa. Alhamdu lillahi yanzu yawancin mutanenmu TLD suke sha, tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50, kuma dolutegravir ba ya saurin barin ƙwayar ta kangare. Mai karɓar allurar cabotegravir da rilpivirine kuwa, tasa na iya kai shekara tana jan jela a jiki.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hanta. Tenofovir da lamivudine suna danne ciwon hanta nau'in B a lokaci guda, mutum ya sani ko bai sani ba. Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya da wannan ciwo. Mai shi in ya ajiye TLD, hantar na iya kumbura farat ɗaya, ido ya yi ɗorawa, wani har hantar ta gaza. Da yawa an ɗora su kan magani ba a taɓa yi musu wannan gwajin ba. Sai an yi shi kafin a ce komai.

Yar_Daurama
Duk kuna maganar jikin mai shiga binciken. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi fa? Shi bai sa hannu a takardar kowa ba. Abin da ya riƙe aure da yawa a yau shi ne sanin cewa wanda ƙwayarsa ke ƙasa da kwafi 200 ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Ranar da aka ajiye magani wannan kariyar ta tafi. Ba tsoro ne na banza ba, an rubuta faruwarsa sau biyu a cikin bincike: a Faransa a 2019, a Sifen a 2020.

Maganinsa a wurinsu shi ne a ba abokin zama PrEP, ƙwayar rigakafi kullum, a fara aƙalla kwana bakwai kafin a ajiye maganin, bayan an gwada shi an ga ba ya ɗauke da cutar, a haɗa da kwaroron roba. In an yi kuskure a fara PEP, maganin kariya na bayan saduwa, cikin awa 72, a sha kwana 28. To ku ɗora wannan a gidan mai mata uku. Kowacce sai an gwada ta, an yi mata bayani, an ba ta nata. In uwargida ta san halin da mijin ke ciki amarya ba ta sani ba fa? Kwaroron roba a ɗakin aure kuma kowa ya san tambayar da yake jawowa. In macen ce ta shiga, sai ta hana kanta ɗaukar ciki watanni, uwar miji na ƙirga mata wata. Turawan da suka tsara abin mutum ɗaya da abokin zama ɗaya suka hango.

Malam_Na_Zaure
Yar_Daurama, Allah Ya yi miki albarka, nan ne gaɓar shari'a. Ƙa'idar ita ce hadisin nan: ba cuta, ba cutarwa. Mutum baligi mai hankali yana iya ɗaukar wa kansa haɗari mai iyaka, wanda masana suka auna, don amfanin jama'a, kamar mai ba da jini. Amma ba shi da ikon ɗora wa matarsa haɗarin da ba ta sani ba. A ganina duk wanda bai iya gaya wa iyalinsa ba, to bai cancanci shiga ba, ko da kuwa jininsa ya cika duk sharuɗɗan da Likita ya lissafa.

Kanwar_Durbi
Malam, Allah Ya gafarta, akwai gyara kaɗan. In aka mayar da shi sharaɗi cewa sai an kawo miji ko mata, an tilasta tona asiri ke nan, kuma mata ne za su fi shan wuya, don mace na iya rasa ɗakinta a kan wannan magana. Dokar hana wariya ga masu HIV ta 2014 ta kare sirrin mutum. Abin da ya fi shi ne a taimaka wa mutum ya faɗa da bakinsa, a zauna da ma'auratan tare in ya yarda, in ya ga ba zai iya ba a ce masa ya haƙura da binciken, ba tare da an rubuta dalili a inda wani zai gani ba. Sakamakon ɗaya ne da naka, hanyar ce daban.

Malam_Na_Zaure
Na karɓa. Ba mu saɓa ba.

Baba_Mai_Ritaya
Ku yara kuna lissafin kwafi da mililita. Tambayar Dan_Kofar_Soro ita ce mutane za su yarda? Ku tuna 1996 a Kano, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ka ce wa mutumin karkara "gwaji" ka ga fuskarsa. Shan inna ma ba a ci nasara ba sai da aka bi ta hannun sarakuna da malamai. Wanda ya zo da wanga aiki bai fara da fada da limamai da ƙungiyar masu ɗauke da cutar ba, ya ɓata man motarsa.

Kanwar_Durbi
Baba, haka ne, sai dai an samu canji tun daga lokacin. Akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da ƙa'idojinsa na 2007, kuma ba a gwajin magani sai da izinin NAFDAC. Amma ni ma ban ce takarda ta wadatar ba. Takardar amincewa mai shafi ashirin da Turanci, a dangwala yatsa a ƙasa, ba amincewa ba ce. A fassara ta, a karanta wa mutum a gaban shaidan da ya zaɓa da kansa, a bar shi ya je gida ya kwana da maganar, ya dawo ya maimaita da bakinsa: me zai faru da ni, yaushe zan koma magani, wa zan kira da tsakar dare. In ya ce "za a warkar da ni", bai gane ba, a sake daga farko. A kuma gaya masa ƙarara cewa a wasu binciken rabin mutane allurar da ba magani a cikinta ake yi musu don kwatanci, kuma su ma ajiye maganin za su yi.

Mai_Wayar_Da_Kai
Ni tsorona ba na mutum ashirin da ke cikin binciken ba ne, su ana kallon su kamar ƙwai. Tsorona dubban da ke waje. Magana in ta fita daga asibiti ta shiga tasha da majalisa da WhatsApp, sharuɗɗan nan duk zubewa suke a hanya, abin da zai isa shi ne "likitoci sun ce ana iya daina sha". Masu maganin gargajiya da lasifika a kan mota ba abin da suke jira sai wannan. An ga ƙarshen irinsa a Gambiya: a 2007 Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cutar da haɗin itatuwa, sharaɗinsa a ajiye ARV, mutane suka mutu. Hujjar da masu irin wannan da'awa ke nunawa kullum ita ce takardar da ta ce ba a ga ƙwayar a jini ba, alhali aikin ARV ɗin da mutumin ya sha ne bai gama barin jikinsa ba. A sake gwadawa bayan wata biyu a gani.

Ko kalmar ma sai an zaɓa. "Warkewa" daban, "lafawa" daban. Matan Durban huɗun nan cutar ta lafa musu ne, ba a ce sun rabu da ita ba.

Dan_Kofar_Soro
Amma ai akwai waɗanda suka warke ɗin. Mutumin Balin fa?

Likitan_Gobarau
Akwai, 'yan ƙalilan. Timothy Ray Brown, shi ne mutumin Balin ɗin, an yi masa dashen ɓargo a 2007 saboda sankarar jini, daga wani mai wata halitta da ke toshe ƙofar CCR5 da ƙwayar ke bi ta shiga. Ya rayu ba ARV har sankarar ta dawo ta yi ajalinsa a 2020. Sai Adam Castillejo na Landan, da ya ajiye magani a 2017. Dukansu sankara ce ta kai su ga dashen, kuma dashen kansa yana kisa, ba wanda zai yi wa mai lafiya da ke zaune lafiya da ƙwaya ɗaya a rana. Halittar nan kuma kusan mutum ɗaya cikin 100 ne ke da ita cikakkiya a arewacin Turai, a Afirka kuwa kamar babu. Ka lura dai: su ma ba a tabbatar da warkewarsu ba sai da suka ajiye magani. Ka kuma tuna jaririyar Misisipi, da ta yi wata 27 ba magani ba a ganin komai, aka yi ta murna, a 2014 ƙwayar ta dawo.

Auta_Mai_Rajista
Tambaya a gefe: mai azumi da ya mayar da shan maganinsa dare, shi ma ya shiga wannan lissafin?

Famasis_Kusugu
A'a ƙanena. TLD sau ɗaya ake sha a rana. Ya tsayar da lokaci ɗaya bayan shan ruwa ya riƙe shi, babu abin da ya yanke. Ya dai raba shi da maganin gyambon ciki mai alli da ƙwayar ƙarin jini, don suna riƙe dolutegravir a hanji: ya sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu.

Dalibar_Kwayoyin_Cuta
Na ga zauren ya karkata ga "a bar shi", to bari in tsaya wa ɗaya gefen. Ƙwayar HIV dangi-dangi ce. Ta Turai da Amurka yawanci nau'in B ce, ta Afirka ta Kudu C, tamu ta Najeriya G da CRF02_AG. Abin da ake gwadawa yanzu sinadaran garkuwa ne da ake haɗawa a ɗakin gwaji a ɗura wa mutum ta jijiya, kuma kowanne akwai nau'in da ya fi kamawa. A binciken RIO na Ingila da Denmak, maza 68, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka ba irin waɗannan sinadarai biyu sun kai sati 20 ƙwayar ba ta dawo ba, a ɓangaren kwatanci kuwa kusan ɗaya cikin goma. Abin farin ciki ne, amma maza ne, a Turai. In ba a gwada a kan jininmu ba, ranar da maganin ya fito za mu karɓi abin da aka auna da jikin wasu. Najeriya na da mutum kusan miliyan 1.9 masu ɗauke da cutar a ƙiyasin 2018. Ba za mu zauna kullum muna jiran a dafa a miƙo mana ba.

Waɗanda aka bibiya bayan gajeren ATI kuma, in sun koma magani ƙwayar na sake dannuwa, ba a ga maɓoyar ta ƙaru ta zauna a haka ba.

Mai_Lab_Marusa
Ɗaliba, hujjarki ta Najeriya ce, ba lallai ta Katsina ba. NAIIS ta sa Katsina a kashi 0.3 cikin 100, cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar, Akwa Ibom na sama da kashi 5. Sannan matan Durban ba haka kawai aka tsince su ba. Suna cikin wani shiri da ake gwada 'yan mata sau biyu a sati tun ba su kamu ba, don haka cikin kwanakin farko na kamuwa aka ɗora su kan magani, maɓoyarsu ƙarama. Mu nan da yawa ba sa zuwa sai jiki ya yi laushi, CD4 ya riga ya taɓa faɗawa ƙasa da 200, wanda shi kansa dalili ne na cire mutum. Tace waɗannan, tace masu ciwon hanta, tace masu shayarwa, ki ga nawa za su rage.

Yar_Daurama
Ga kuma zirga-zirgar. Yanzu ana ba mutum maganin wata uku ko shida lokaci guda, wasu ma da gangan suke karɓa a wani gari don kada a gan su. Ka ce masa ya riƙa zuwa asibiti ɗaya duk sati. A gari kamar Daura, sati na uku mai shayin bakin ƙofa ya gane shi.

Hajiya_Ungozoma
Da damina kuma fa? Dawowar ƙwayar na iya zuwa da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje, kumburin kaluluwa. Wane ne a nan zai ji haka a watan Agusta bai ce maleriya ba ce, ya wuce kemis? Maleriyar kanta tana ɗaga adadin ƙwayar na ɗan lokaci, ta rikita sakamakon. Dole a ce duk zazzaɓi a kira masu binciken a ranar, a yi gwajin biyun tare, a kuma raba gidan sauro tun farko.

Baba_Mai_Ritaya
Ba wanda ya yi maganar kuɗi. In aka ce za a ba da na mota da na ɓata lokaci duk sati, a halin da ake ciki, wani ba don ilimi zai sa hannu ba, don cefane ne. In an ba da kaɗan an ci da guminsa, in an ba da da yawa an saye shi.

Kanwar_Durbi
Shi ya sa kwamitin ɗa'a ne ke yanke adadin, ba mai binciken ba: kuɗin mota na gaskiya da ladan yinin da aka rasa, kuma a biya kowane zuwa a ranarsa. Kada a tara sai ƙarshe, don wanda ke son fita zai daure saboda kada ya yi asara. Ni abin da zan fi nema a rubuce shi ne maganin komawa. Kowa ya ga yadda dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya girgiza shirye-shiryen HIV a Afirka. Kafin mutum ya ajiye ƙwaya ɗaya, a ware masa na watanni da sunansa, har da layi na biyu, wato maganin da ake komawa in na farko ya gaza, ko da ƙwayar ta kangare, a kuma faɗi wanda zai biya in ya kwanta asibiti.

Dan_Kofar_Soro
Na gode ƙwarai. Abin da na lura, masu cewa a yi da masu cewa a dakata duk sharuɗɗa iri ɗaya suke lissafawa. Amma har yanzu ba a amsa min ta bakin masu shan maganin ba. Wanda ya shekara goma sha biyar yana haɗiyar ƙwaya a ɓoye, ba mamaki lissafinsa ya bambanta da namu.

Mai_Wayar_Da_Kai
Ya bambanta, kuma su ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wanda gajiya da ɓoyon kwalba za ta sa ya yarda tun ba a gama karanta masa takardar ba, irinsa ne ma ya fi buƙatar a ja masa birki. Akwai wadda kalmar "ba a ga ƙwayar ba" ita ce ta ba ta aure da 'ya'ya masu lafiya, ba za ta saka ta a caca ba ko nawa za a ba ta. NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, na da rassa a jihohi, su ya kamata a fara tambaya, tun ana rubuta tsarin, ba bayan an gama ba.

Dalibar_Kwayoyin_Cuta
@Mai_Lab_Marusa, to in an ɗauki salon farko kawai, wanda da ƙwayar ta leƙo za a koma magani, kuma ga na'ura a wurin mai ba da amsa a ranar? Haɗarin abokin zama ya ragu sosai ai.

Mai_Lab_Marusa
Ya ragu, bai tafi ba. Tsakanin Litinin da Litinin kwana bakwai ne, sai dai a koma sau biyu a sati, Yar_Daurama kuma ta riga ta gaya miki abin da mai shayi zai yi. Sannan salon farkon na iya sa a mayar da mutum kan magani alhali da an ƙara masa sati uku jikinsa zai danne ta da kansa, a rasa ainihin abin da ake nema. Likita, a cikin biyun wanne kake ganin kwamitin ɗa'a na nan zai fi saurin sa wa hannu?